Bayan shanyewar ɓarin jiki: hutu ya fi wa Baba ko motsa jiki?

"Assalamu alaikum. Mahaifina mai shekara 63 ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu wata huɗu da suka wuce, kuma dama yana da hawan jini. Ya yi mako biyu a asibiti aka sallame shi. Yanzu yana iya miƙewa idan an kama shi, yana kuma ɗan takawa da sanda, amma hannun ba ya aiki, yatsun ma sun fara dunƙulewa. Kullum muna gasa masa jikin da ruwan zafi, muna mulke shi da man zafi safe da yamma. Hajiyarmu ba ta barin ya yi komai da kansa, tana tsoron kada wahala ta tayar masa da jinin, ciwon ya dawo. Wani kuma ya ce mana idan aka wuce wata shida shi ke nan, babu sauran sauƙi. Don Allah motsa jiki zai amfane shi ko hutu ya fi? In zai amfana, wane iri za mu sa shi?"

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi. Idan na fahimci tambayarki, Malama, kina son sanin ko motsa jiki zai iya dawo da ciwon, ko gashi da tausar da kuke yi sun wadatar, da kuma ko gaskiya ne sauƙi yana tsayawa a wata shida. Zan amsa a matsayina na likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, wanda yawancin aikinsa a kan masu irin wannan larura yake. Amsar a taƙaice ita ce, a wata na huɗu zaman da Baba yake yi ya fi motsin haɗari, kuma abin da zai dawo masa da ƙafa da hannu shi ne motsin da ya yi da kansa, ya maimaita shi sau da yawa, ba wanda aka yi masa ba.

Inda ciwon yake

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sai ƙwayoyin wannan sashe su mutu saboda rashin jini. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki, don haka raunin Baba yana dama ne a cikin kansa. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna kusan biyu cikin uku na masu ciwon a yankinmu toshewa ce ta same su, ragowar kuma fashewa, sannan hawan jini ne ya fi kowane dalili yawa nesa ba kusa ba.

Ma'anar wannan ita ce a ranar da Baba ya faɗi, babu abin da ya sami naman hannunsa ko ƙashin ƙafarsa. Saƙon da ke zuwa musu daga sama ne ya yanke. Shi ya sa ruwan zafi da man zafi ba su kai ga tushen matsalar: suna sassauta tsamin jiki na ɗan lokaci, marar lafiya ya ji daɗi, amma ba sa koya wa ƙwaƙwalwa komai. Ban hana tausa mai laushi ba. Ruwan zafin ne nake so ku yi hattara da shi, domin ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata. Na sha karɓar dattijon da aka kawo da ƙuna a bayan hannu ko a ƙwauri, fata ta tashi ta yi ruwa, daga tawul ɗin da 'ya'yansa suka tsoma a tafasasshen ruwa suka ɗora masa, shi kuwa bai ce uffan ba don bai ji ba. Idan za ku yi, ki fara gwada ruwan a gwiwar hannunki, ɗumi kawai ake so.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma waɗanda ke kewaye da su suna iya karɓar aikin. Kamar dai idan ruwan damina ya cinye gada ne, direbobi su ratse ta cikin gona: ranar farko da ƙyar mota ke fita, amma da yawan bi sai wurin ya daddale ya zama hanya, in kuwa aka daina bi ciyawa ta rufe shi. Yawan bin da ake bukata ba kaɗan ba ne. A gwajin da aka yi da dabbobi, sai da dabba ta maimaita motsi sau 400 zuwa 600 a rana kafin a ga canji a ƙwaƙwalwarta, alhali wani nazari na 2009 a asibitocin Amurka da Kanada ya tarar marar lafiya yana maimaita aikin hannu sau 32 kacal a zama ɗaya. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 ta ce mai wannan larura ya samu aƙalla awa 3 na horo a rana, kwana 5 a mako. A nan gida mutum yakan ga likitan fisiyo sau ɗaya ko biyu a mako, na minti talatin ko arba'in, bayan dogon layi da kuɗin mota. Saboda haka ainihin aikin a tsakar gida za a yi shi, asibiti wurin koyo ne da gyara.

Tsoron da Hajiya take yi

Tsoronta yana da asali. Wani gwaji mai suna AVERT, da ya haɗa marasa lafiya 2,104 a ƙasashe biyar aka buga shi a 2015, ya gano waɗanda aka riƙa tayarwa da yawa tun cikin awa 24 na farko ba su warke kamar waɗanda aka bi a hankali ba, kashi 46 cikin ɗari a kan kashi 50. Amma wannan magana ce ta ranar farko, lokacin da jinin ƙwaƙwalwa bai daidaita ba. Baba ya wuce nan da daɗewa.

Gaskiya ne jini yana ɗan hawa yayin da mutum yake motsi, sai dai yana sauka bayan an gama, kuma wanda ya dawwama a kan motsa jiki awon jininsa na yau da kullum raguwa yake yi. Abin da ke dawo da ciwon shi ne barin maganin hawan jini don an ga sauƙi, da yawan gishiri da dunƙulen miya, da sugan da ba a kula da shi, da taba, da kuma zaman kansa. Wanda ya wuni a kan kujera ko katifa yana fuskantar daskarewar jini a jijiyar ƙafa, da ciwon haƙarƙari, da gyambon kwanciya, ga naman jiki yana zubewa, gaɓoɓi suna ƙagewa. Masu wannan larura ƙarfin zuciya da huhunsu yakan faɗi zuwa kusan rabin na tsaransu, alhali tafiya da shanyayyiyar ƙafa tana cin ƙarfi fiye da tafiyar mai lafiya. Shi ya sa za ki ga Baba ya yi taku goma yana haki, sai a ce ai ga shi nan wahala ba ta karɓe shi, a mayar da shi kujera, gobe kuma hakin ya ƙaru.

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa wanda ya tashi daga wannan ciwo ya yi motsin da ke ɗaga numfashi kwana 3 zuwa 5 a mako, minti 20 zuwa 60, kuma ana iya raba shi minti goma-goma, sannan ya yi atisayen ƙarfafa jiki kwana 2 ko 3. Wannan inda za a je ne, ba inda za a fara ba. Kafin komai, likitan da ke duba Baba ya saurari zuciyarsa ya amince, domin da yawa daga cikinsu suna da ciwon zuciya a ɓoye. Ku samu na'urar awon jini a gida ku auna kafin a fara. Ni a aikina idan lambar sama ta awon jinin ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 110, ba ma yin atisaye a ranar, likita nake tura mutum. Ma'aunin wahala mafi sauƙi shi ne magana: ya kamata numfashinsa ya ɗan ɗaga amma yana iya ba ki amsa da cikakkiyar jimla. Kada ku dogara da ƙirga bugun zuciya idan yana shan magani irin su atenolol, domin suna hana bugun tashi. Ku lura kada ya riƙa riƙe numfashi yana yunƙuri, wannan ne ke harba jini sama. Ya riƙa ƙirgawa da baki. Idan ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, a tsaya nan take.

Ƙafa da tafiya

Idan aka ce in zaɓa wa Baba atisaye guda ɗaya, tashi daga kujera zan zaɓa, domin shi ne mabuɗin banɗaki da salla da fita ƙofar gida. A samu kujera mai tauri mai ɗan tsawo, ba kushin da ake nutsewa ba, a jingina ta da bango. Ya matso bakin kujerar, ya ja ƙafafunsa biyu baya su zo ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya miƙe, ya kuma koma a hankali ba faɗawa ba. Abin da za ki sa wa ido shi ne ƙafar hagu. Zai so ya tura ta gaba ya ɗora nauyinsa duka a kan dama, kuma in aka bar shi haka zai iya tashi sau dubu ba tare da hagun ta koyi komai ba. A fara da sau biyar, a huta, a sake, sau uku ko huɗu a wuni, a riƙa ƙarawa har ya kai goma zuwa sha biyar a jere. Bayan haka ya tsaya yana dafe da tebur, ya riƙa karkata nauyinsa hagu da dama, ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora a kan bulo ya sauke, wanda ke tilasta wa hagun ɗaukarsa.

Tafiya kuma da tafiya ake koyonta. Sandar a hannun dama, mai taimako a gefen hagu ɗan baya kaɗan, yana riƙe da zani ko rawanin da aka ɗaura masa a ƙugu. A fara da minti biyu ko uku a tsakar gida sau da yawa a rana, a ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan 'yan kwanaki. A ajiye silifas, a sa takalmi mai riƙe dunduniya. Idan yatsun ƙafar suna jan ƙasa, ko yana wurga ƙafar gefe kafin ya taka, akwai abin tallafin idon sawu na roba da ake aunawa a sa a cikin takalmi. A naɗe tabarmi da ledar da ta tattare, a kula da dokin ƙofa da santsin banɗaki, a nemi kujerar da ake ɗorawa a kan masai, domin tsugunno ya fi ƙarfinsa a yanzu, kuma faɗuwa ɗaya da karayar ƙugu tana iya rushe aikin wata da watanni.

Kada ku damu da rashin injina. A gwajin LEAPS da aka yi a Amurka da mutum 408, aka buga a 2011, an gwada tafiya a kan inji mai ɗauke wa mutum nauyi da atisayen ƙarfi da daidaito da likitan fisiyo ke koyarwa a gida. Bayan shekara ɗaya babu wanda ya fi wani, kusan kashi 52 cikin ɗari sun ƙara matakin tafiyarsu, kuma masu atisayen gida sun fi ƙarancin jiri.

Tunda hagu ne ya shanye, akwai wani abu da nake so ki duba. Masu rauni a damar ƙwaƙwalwa wani lokaci hankalinsu yana mantawa da hagu gaba ɗaya, ko da idonsu lafiya lau: su cinye tuwon da ke dama su bar na hagun kwano, su bugi ƙofa da kafaɗar hagu, su bar hannun yana reto a gefen kujera ba su sani ba. Sukan kuma ɗauka sun fi ƙarfin da suke da shi, su zabura su miƙe ba kowa a kusa. In kin ga haka, ku mayar da rediyonsa da masu zuwa gaishe shi gefen hagu, kuma ku gaya wa likitan fisiyo.

Hannu

A nan sai na faɗa miki abin da ba kowa ke son ji ba. Hannu ya fi ƙafa wuyar dawowa, kuma alamar da muka fi dubawa ita ce ko mutum yana iya buɗe yatsu da ɗaga wuyan hannu da kansa, ko da kaɗan ne. Wanda ya kai wata huɗu babu ko ɗan wannan motsi, da wuya hannun ya koma sa maɓalli ko rubutu. Ko a haka akwai abin nema: hannun da zai danne takarda ko ya tare kwano, kafaɗar da ba ta ciwo, da tafin da ake iya buɗewa a wanke. Idan aka bar yatsun a dunƙule, farce yana shiga nama, tafin ya yi ɗoyi ya yi gyambo.

Kafaɗar ita ce abin kiyayewa na farko. Naman da ke riƙe ta ya saki, don haka kada a taɓa jan Baba ta wannan hannu ko a ɗaga shi ta hammata, kada kuma a rataya igiya a bishiya ana jan hannun sama da ita kamar yadda wasu ke yi. Idan yana zaune a ɗora hannun a kan matashi ko tebur, tafin a buɗe. Wajen sa riga a fara da hannun hagu, wajen cirewa a ƙare da shi. Sau biyu ko uku a rana a miƙe gwiwar hannun da wuyan hannu da yatsu a hankali, a riƙe kamar rabin minti, ba tare da fizga ba, domin fizga ƙara ɗaure su take yi. Ƙwallon da ake ba su su yi ta matsawa ba na ba da ita ga wanda yatsunsa ke dunƙulewa, tunda damƙa ba ita ya rasa ba, saki ya rasa.

Idan akwai ɗan motsi, to a sa hannun aiki na gaske. Wani masani Ba'amurke, Edward Taub, ya nuna cewa gaɓar da aka gwada aka kasa a makonnin farko, ƙwaƙwalwa takan koyi yin watsi da ita ko bayan ƙarfi ya fara dawowa. Daga nan aka samo dabarar sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri don a tilasta amfani da mai raunin, kuma gwajin EXCITE na 2006 ya tabbatar da amfaninta ga waɗanda suka yi wata 3 zuwa 9 da ciwon, amma fa masu iya ɗan buɗe yatsu, kuma a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci. A gida, Baba ya haɗa hannu biyu ya tura kofi a kan tebur, ya goge teburin da tsumma, ya ɗauki murfin kwalba ya saki a cikin kwano, ya sa hagun a alwala gwargwadon iko. Saki ɗin nan, a ƙirga shi, a nemi ɗari ko fiye a wuni.

Maganar wata shida

Abin da ke gaskiya a cikinta shi ne sauƙi ya fi gudu a wata ukun farko, sannan ya riƙa lafawa zuwa wata na shida, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar canji. Don haka watannin nan biyu masu zuwa suna da tsada, kada a ɓata su. Amma sauƙin da ake samu ta hanyar horo ba shi da ranar rufewa. A cikin gwajin LEAPS ɗin nan akwai rukunin da bai fara horon inji ba sai a wata na shida, kuma a ƙarshen shekara sun kamo sauran. A asibitin Queen Square da ke Landan an ba mutum 224, waɗanda yawancinsu sun haura shekara da ciwon, horon hannu na awa 90 cikin mako uku, aka kuma ga ci gaban da ya ɗore bayan watanni. Sau da yawa abin da ke tsayawa a wata shida zuwa asibiti ne, kuɗi sun ƙare, masu jinya sun gaji.

Game da Hajiya, ban ba ki shawarar ki ce mata tana kuskure ba. Shekaru ta yi tana hidimar mijinta, kuma ganin yana fama da hula minti biyar tana zaune ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ku tafi da ita wurin likitan fisiyo ta ji da kunnenta, sannan a ba ta aiki: ita ce mai awon jini, ita ce mai ƙirga tashi da zama da carbi. Na ga gidaje da yawa da uwargida ta koma ita ce mai tsananin da ya fi nawa. Ƙa'idar ita ce duk abin da zai iya yi ko da rabi ne, a bar shi ya yi rabin, a cika masa saura.

Shi ma Baba a tambaye shi abin da yake so ya koma yi. Yawancin dattawan da nake gani amsarsu ɗaya ce, masallacin unguwa da majalisarsu, kuma mutum ya fi jure atisaye idan ya san taku nawa ne tsakaninsa da sahu. Kafin nan, hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya ba shi damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, sai a riƙa ƙara tsayuwar yadda ƙarfi ya samu. Idan kin ga ya daina magana, ba ya cin abinci, yana yawan hawaye ko cewa ya zama kaya, ku gaya wa likita, domin kusan ɗaya cikin uku na masu wannan larura suna kamuwa da ciwon damuwa, yana da magani, kuma in aka bar shi yana hana mutum yin atisaye. Gajiyar da ke zuwa ba dalili ita ma daga ciwon take, ba lalaci ba ne, shi ya sa gajeren zama sau da yawa ya fi dogo guda ɗaya. A lokacin bazara a yi da sassafe ko bayan la'asar, ya sha ruwa sosai. In yana da suga kada ya yi da yunwa, maganar azumi kuma a yi ta da likitansa tun kafin watan ya kama. Addu'a da tofi ba sa karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan, muddin ba a ajiye ƙwayoyin asibiti ba.

Duk abin da na faɗa na gama-gari ne, domin ban ɗora hannu a kan Baba ba, kuma irin ciwon, da girman raunin, da lafiyar zuciyarsa suna iya canza tsarin. Wanda ya gan shi ido da ido shi zai yanke adadi. Idan kuma wata rana baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko wani sabon rauni ya bayyana farat ɗaya, kada a ba shi ruwa ko magani ta baki, kada a jira gari ya waye, a nufi babban asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, domin allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi.

Don ku san ko ana ci gaba, ku auna mita 10 a tsakar gida ku yi alama, duk mako biyu ki duba agogon waya ki rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka, da kuma sau nawa yake tashi daga kujera cikin rabin minti. Wanda ke cin fiye da daƙiƙa 25 tafiyarsa ta cikin gida ce, wanda ya sauko ƙasa da 13 kuwa ya kai ya shiga unguwa. Ki riƙa tafiya da littafin duk ranar asibiti, in lambobin sun tsaya wata guda cur ba su motsa ba, a sake duba tsarin atisayen.